Wata Mai Zuwa Zan Ajiye

A layinmu kusan babu ma'aikacin da bai taɓa ajiye aiki ba. Da baki. Wasunmu sun ajiye tun zamanin Obasanjo, amma har gobe ƙarfe bakwai da rabi na safe za ka gan su a bakin titi suna tare adaidaita sahu. Mun ma san lokacin da ciwon yake tashi. Daga 15 ga wata zuwa 25, in ka zo majalisarmu bayan sallar isha'i, sai ka rantse gobe za a wayi gari ofisoshin Kano duk a kulle. Wannan ya ce wallahi ya gaji, wancan ya ce shi takardar ma ya rubuta, tana cikin waya, bugawa kawai ya rage. Ranar da alat ya shigo kuwa, sai hira ta koma Arsenal da Madrid. Mai shayi ya karɓi bashinsa, a yi kwana biyar ana ƙwallo, sannan a lallaɓo a dawo kan batun.

Kada a ɗauka duk wasa ne. Gajiyar ta gaske ce, kuma kowa da irin tasa. Akwai malamin makarantar kuɗi da ke koyar da lissafi da kimiyya da Turanci shi kaɗai, in ya makara da minti goma a yanke masa, in aka tafi dogon hutu mai makaranta ya ce ai ba a yi aiki ba. Akwai ɗan bankinmu, mai kwat da taye cikin zafin Afrilu, wanda yara ke ɗauka shi ne mai kuɗin layi, alhali ɗan kwantiragi ne, kowane wata sai an yanka masa yawan sababbin asusun da zai kawo. Ya buɗe wa kowa a majalisa, ya buɗe wa matanmu, ya buɗe wa mai shayi da yaronsa. Yanzu in ya yi sallama, kafin ya zauna wani zai ce, "Malam, ina da shi."

Wanda ya fi ba ni tausayi kuwa shi ne na ofishin gwamnati, don nasa ciwon ba ya faɗuwa. Ya shiga da digiri a mataki na 8, a ƙa'ida duk shekara uku a duba shi don ƙarin girma, ƙarin ya zo a takarda, kuɗinsa kuma a ce ana kan lissafi. Su biyar ne a ɗaki, kujera uku. Ya sa hannu a rajista, ya karanta jarida, a yi azahar, a ci ɗanwake, a jira la'asar. Ya ce abin da ya karanta a jami'a yanzu ko rabinsa ba zai iya tunawa ba. To wa zai kai wa kuka cewa rashin aiki ne ke kashe shi a wurin aiki? Ranar da ya gwada faɗa, wani mai ɗaukar buhu a kasuwar Singa da ke gefen benci ya ce, "Yallaɓai, mu yi musanye."

Batun kuɗi ba sai an daɗe a kansa ba, kowa ya san lissafin. Mafi ƙarancin albashi ya tashi daga naira 30,000 na 2019 zuwa 70,000 a 2024, Kano ta ɗora dubu ɗaya ta mai da shi 71,000. Litar fetur kuma da ba ta kai naira 200 ba kafin 29 ga Mayun 2023, cikin 'yan kwanaki ta haura 500, kafin ƙarshen 2024 ta wuce 1,000. Masu mota sun jingine, masu babur sun koma kirga kwanakin da za su leƙa ofis. Amma na lura ko da za a ninka albashin gobe, rabin masu cewa za su ajiye ba za su fasa faɗa ba. Wani oga ne ya sa shi gaba, ya tsawata masa a gaban yaran da ya girma. Wani tun farko ba abin da ya so ke nan ba, shi zane yake so, aka ce ya karanta akanta don Kawu yana da hanya a can.

To me ya hana mu tafiya? A nan gizo ke saƙar. Mu a wurinmu aiki ba na wanda ke zuwa ofis ba ne shi kaɗai. Sunanka ne a takarda, amma masu hannun jari suna da yawa, kuma ba a tashi sai da izininsu.

Ta farko Hajiya. Ka je da yamma ka durƙusa, ka yi ta kewaye-kewaye, ka ce dama aikin nan ne kake tunanin ko za ka ɗan canza. Ba za ta bari ka kai aya ba. "Kai ɗan nan, ka rufa mana asiri. Mutane na neman aiki ido rufe, kai Allah ya ba ka kana neman yi masa butulci? Maganin hawan jinina wa zai riƙa saya?" Shi ke nan, an rufe wannan babi, ka tashi da "Allah ya huci zuciyarki." Ta biyu uwargida, wadda ita ba ta yin faɗa, tambaya ɗaya take yi: "To Malam, kuɗin makarantar zangon nan fa?" Sai surukai. Ka tuna ranar da aka je neman aure, waliyyi ya tambaya mece ce sana'ar yaro, aka ce ma'aikaci ne, aka ce madalla, ba a ƙara tambaya ba. Da an ce yana ɗan buga-buga, da sai an tura bincike har kasuwa. Yanzu ka koma ka ce musu kai ne mai buga-bugar?

Na ƙarshe, kuma shi ya fi nauyi, Alhajin da ya yi maka hanya. Kaɗan ne cikinmu suka sami aiki don sun ga talla a jarida. Wani ya ɗauki takardunka ya kai wa wani, wani ya kashe kunyarsa a ƙofar wani. Akwai ma gidajen da aka sayar da fili ko gona aka sayi gurbin, abin da ya yi ƙamari har majalisar wakilai ta kafa kwamitin binciken cinikin guraben aiki a 2023. Wanda aka sayar da gonar gado dominsa, da wane baki zai ce aikin ba ya yi masa daɗi? Shi ya sa duk wanda ya ce zai ajiye, tambayar da ke kashe masa jiki ita ce, "To wa zai je ya gaya wa Alhaji?"

Don haka mun samo tamu dabarar. Mu tsakaninmu da aiki sai dai yaji, ba a kai ga saki: a kwashe 'yan komatsai a tafi, a bar akwati a ɗaki, ƙarshen wata a dawo ba tare da an zo biko ba. Jiki yana ofis, hankali yana kasuwar Dawanau yana tambayar farashin riɗi. Matan ofis sun fi mu iya wannan. Jakar hannun Hajiyar sashen albashi shago ce guda, atamfa da leshi da turaren wuta da humra, a ɗauka bashi, ita kuma ta fi kowa sanin ranar da za a biya ta.

Akwai wani dattijo a majalisarmu, tsohon akawu, ya yi shekara 35 ɗinsa cif ya fito, shi ne lauyanmu. Shi ya tuna mana cewa tsarin mulki, a ƙa'idojin ɗa'ar ma'aikata, ya hana ma'aikacin gwamnati na cikakken lokaci gudanar da wata sana'a ko kasuwanci, in ban da noma. Tun daga ranar kowa a layinmu ya zama manomi. Mai shagon siminti manomi ne, shagon na ƙaninsa ne. Mai adaidaita biyu a titi manomi ne, na matarsa ne. Akwai wanda bai san bambancin gero da maiwa ba, amma in ka neme shi ranar Laraba a ofis, ya tafi gona.

Wasu hanyar haƙurinsu daban. Mai neman canjin wurin aiki, ya yi ta zarya hedikwata, a mai da shi wani sashe, ya tarar da ogan can ya fi na nan. Mai komawa karatu, ya yi difloma ta gaba da digiri, ya yi digiri na biyu, ba don yana son ilimin ba sai don ya sami dalilin fita ƙarfe biyu. Da kuma masu kai sunan oga wurin malam, ba don a cuce shi ba, a cewarsu, a dai yi addu'a Allah ya ɗaga shi zuwa gaba. An taɓa yi wa wani, addu'a ta karɓu, aka ƙara wa ogan girma, ya zama shi ne shugaban sashen gaba ɗaya.

In kuwa aka zo maganar me za a koma yi, nan ne halinmu ke fitowa fili. Ba ma tambayar me na iya. Me wane yake yi muke tambaya. Da can babur ne, kowane ma'aikaci ya sayi ɗaya ya ba yaro, har aka hana acaɓa a Kano a Janairun 2013. Aka koma adaidaita, aka koyi kalmar balas, aka kuma koyi cewa direba ba ya rashin lafiya sai ranar kawo kuɗi. Da aka shiga ƙarancin takardun naira a farkon 2023, masu POS suka ci kasuwa, sai kowa ya karɓo na'ura. Yau daga bakin masallaci zuwa kan kwana akwai lema shida, masu su suna zaune suna tura wa juna kuɗi. A 2024 kuma aka shiga mainin. Manya da furfura, masu mataki na 12, suna dangwalar waya a sahun jiran liman, an ce mainin ɗin Hamster zai fashe a ajiye aiki. Da ya fashe a watan Satumba, wani a cikinmu abin da ya samu bai biya kuɗin datar da ya ƙona ba.

Amma babu abin da ya ci albashin layinmu irin kaji. Kiwon kaji shi ne mafarkin kowane ma'aikaci, don lissafinsa a takarda yana da daɗi: ɗan tsako yau, mako shida zuwa takwas ya zama kuɗi. Sai a ci adashi, a kafa keji a bayan gida, a yi odar 'yan tsaki daga Ibadan. Abin da takarda ba ta faɗa ba shi ne abinci kaɗai yana lashe kusan kashi biyu cikin uku na abin da za ka kashe, kuma buhunsa ba ya tsayawa a farashin da ka yi lissafi da shi. Ba ta faɗa maka cutar Gumboro ba ta san kana ofis ba, in ranar rigakafi ta wuce ta wuce. Ba ta faɗa maka zafin Maris da Afrilu yana iya kwantar da rabin keji tsakanin azahar da la'asar ba, lokacin kai kana can kana jiran oga ya sa hannu. Waɗanda suka tsira kuma, sai ka tarar duk layin an auna salla ɗaya, kowa ya fito da nasa rana ɗaya, mai saye ya yi ta yanga. Kaza kuwa in ta kai ba ta daina ci don ba a saye ta ba. Ƙarshenta a bi gida-gida ana ba da bashi, yara su yi mako biyu suna cin nama, maigida yana kallonsu yana lissafi. Uwargida ce ta share kejin, ita ta tashi da dare ta duba fitila, amma in aka zo ba da labari a majalisa sai ka ji, "Ai na gwada kaji, ba sa yi."

Wani abin dariya, 'yan kasuwar majalisarmu mu suke hange. Akwai wani mai shago a kasuwar Kwari, duk sanda aka fara "gara kasuwa," sai ya ajiye kofinsa. "Ku kuna da ranar da kuka san kuɗi zai shigo, ko an yi ciniki ko ba a yi ba. Ni na sayar da kaya da riba, na koma sari na tarar kuɗin ba zai sayo rabinsu ba." Yana nufin lokacin da dala ta tashi daga ƙasa da naira 500 a farashin hukuma ta haye 1,500 cikin watanni. Ya tuna mana gobarar kasuwar Sabon Gari ta 2016, da ruwan da ya shiga Kwari a daminar 2022, mutum ya kwana da dukiya ya tashi da bashi. Sai wani ya ce to ai Ɗangote bai taɓa jiran albashi ba. Ya ce, "Haka ne. Da ya fara a 1977, gidan Ɗantata ne suka ranta masa jari, dangin mahaifiyarsa. Kai naka kawun, ba kai kake tura masa na cefane ba?"

Shi ne kuma ya faɗi maganar da nake ganin ita ce gaskiyar lamarin, ko da yake ba mu so jinta ba. Ya ce shi shekarunsa na farko a kasuwa shara yake yi da ɗauko abincin maigida, daga nan aka fara barinsa da shago, daga nan aka fara ba shi kaya ya sayar ya kawo, kafin a sallame shi. Mu kuwa so muke mu fito daga ofis ranar Juma'a, Litinin mu zama Alhaji. Mun yarda sai an yi shekara huɗu a jami'a kafin a zauna a kan kujerar da ba a komai, amma sana'ar da za ta ci da gida muna ganin hira biyu da maƙwabci ta isa. Abin da ke tsaye a maƙogwaronmu ba jari ba ne kaɗai. Mutumin da masinja ke ce wa Yallaɓai ba ya son ya koma yaron wani.

Baba akawu shi nasa taimakon na doka ne. Duk wanda ya ga idonsa ya yi ja da gaske, sai ya ja shi gefe. "Ɗana, in za ka tafi ka tafi ta ƙofa. Kada ka yi fushi ka daina zuwa, a rubuta ka gudu, ka rasa komai." Ya ce a dokar ƙwadago wanda ya shekara biyar ko fiye wata guda zai ba da sanarwa, sai in takardar ɗaukarsa ta faɗi fiye da haka. Ya ce wanda ke cikin tsarin fansho na adashin gata, inda ake cire kashi 8 na ma'aikaci a haɗa da kashi 10 na mai aiki, kada ya ɗora jarinsa a kan wannan kuɗi: in bai kai shekara 50 ba, sai ya yi wata huɗu babu aiki kafin a ba shi kashi 25, sauran sai girma ya zo.  Kuma kada a saki reshe a kama ganye, a tara abin da zai riƙe gida wasu watanni tukuna. Shi kansa da aka tambaye shi ko ya taɓa tunanin ajiyewa, cewa ya yi sau ɗaya, ana cikin haka aka biya ƙarin albashin Udoji a 1975, ya sayi babur da rediyo, tunanin ya wuce.

Wani ɗan boko a cikinmu yana son kawo Malam Aminu Kano, wai ai shi ma ajiye koyarwa ya yi a Maru a 1950 ya shiga siyasa. Gaskiya ne. Sai dai Malam ya san abin da zai fita ya yi, kuma ya yarda da talaucin da ke cikinsa. Namu ɗan bokon in ka tambaye shi me zai yi in ya ajiye, sai ya ce harkoki.

Inda raha ke tsayawa shi ne inda gajiyar ta zama ciwo, kuma a nan ba mu kyauta wa juna. Mutum ya daina barci, ranar Lahadi da yamma ƙirjinsa ya riƙa bugawa, ya dawo gida ya huce a kan yara, ya rame, ya daina zuwa majalisa. Mu abin da muka iya shi ne "ka yi haƙuri, kowa haka yake," ko mu ce ƙarancin tawakkali ne. In aka ce ya ga likita, sai ya ce shi ba mahaukaci ba ne da za a kai shi asibitin Dawanau, alhali masu rashin barci da damuwa ma likitocin ƙwaƙwalwa na duba su su koma gida. Godiya ga Allah ba ta hana mutum ya ce wurin nan yana cutar da ni. Mun yi jana'izar waɗanda aka ce hawan jini ne kawai, kuma duk mun san daga inda jinin ya fara hawa.

Cikinmu duka, mutum ɗaya na ga ya haye, kuma shi bai taɓa cewa zai ajiye ba. Malamin lissafin nan ne. Ashe duk Asabar da Lahadi yana bin wani yaro mai haɗa sola, yaron da ya taɓa koyarwa a aji. Shi ke ɗaukar tsani, shi ke miƙa waya, yaron yana kan rufi yana cewa, "Malam, don Allah miƙo min filaya," shi kuma yana "To, oga." Mun yi masa dariya har muka gaji. Ashe lissafin da ake biyansa kuɗin cefane a kansa shi ne rabin sana'ar: fanel nawa, batir nawa, inbata mai ƙarfin nawa za ta ɗauki firji da fanka. Yaron ya iya hannu, shi ya iya alƙalami, masu gida suka fara neman a zo da Malam. Sai da aikin ƙarshen mako ya riƙa ninka albashinsa wata bayan wata, sannan ya je ya gaya wa Hajiyarsa, bayan ya haɗa mata fitila uku da fanka. Ta sa albarka. Ya ba mai makaranta sanarwar wata guda, ya ƙarasa zango, ya miƙa sakamakon yara.

Ba ya zama a majalisa sosai yanzu, sai dai ya wuce a babur da igiyar waya a kafaɗa, ya ɗaga hannu. Ɗan banki ya riga ya tare shi ya buɗe masa asusun kasuwanci. Mutum huɗu kuma a layinmu sun sayo tsani, har da na ofishin gwamnati, wanda ya ce wa ogansa na tsinkar mangwaro ne a gona. Babu ko ɗaya cikinsu da ya je wurin yaron.